Fulogin babur ɗin dusar ƙanƙara: na gama-gari, na iridiyam, ko wanda kamfani ya rubuta?

A arewacin Kanada da Alaska, da yankin Lapland na Finland da Suwidin, akwai watannin da mutum ba ya isa wurin kamun kifi ko wurin garken dabbobinsa sai a kan babur ɗin dusar ƙanƙara, abin hawan nan mai ƙafafun sulɓi biyu a gaba da faffaɗan bel na roba a baya. Kamfanoni kaɗan ne suka riƙe kasuwarsa. Akwai Ski-Doo na garin Valcourt a lardin Kwibek, wanda ya fara fitowa a 1959, da Polaris da Arctic Cat daga jihar Minnesota ta Amurka, da Lynx na Rovaniemi a Finland, sai Yamaha da ya sanar a 2023 cewa zai daina ƙera shi bayan samfurin 2025.

In ka ɗaga murfin ɗayansu, musamman tsofaffin, sau da yawa za ka tarar an yi wa fulogin safaya mazauni na musamman. Da dalili. Yawancin injinan masu bugu biyu ne, suna ƙona baƙin mai tare da fetur. Ana tayar da su da cok a sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, bayan 'yan mintuna kuma a danne totur har ƙarshe a kan tafkin da ya daskare. Injin da ke juyi 8,000 a minti, fuloginsa na ba da wuta kusan sau 133 a kowace daƙiƙa, domin a mai bugu biyu kowane juyi da tasa wutar.

Wanda ya shiga shagon kayan gyara zai ga iri uku ko huɗu da duk za su ɗauru a kan injinsa, kuɗin wani ya ninka na wani sau biyu ko uku. Ɗauruwa daban, dacewa daban. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne girma da tsawo, sannan lambar zafi, sannan siffar bakin. Irin ƙarfen da aka yi tsinin da shi, wanda shi ne masu talla suka fi kururutawa, shi ne na ƙarshe kuma mafi ƙarancin tasiri.

Abin da ke rubuce a jikin fulogin

Ɗauki BR9ES na kamfanin fulogi NGK, wanda ya fi kowane yawa a tsofaffin injina. B na nufin kaurin gindin da ake murɗawa milimita 14 ne, kuma sifana mai milimita 20.8 ke kama shi. R na nufin akwai razista a ciki, mai om 5,000. 9 lambar zafi ce. E tsawon gindin ne, milimita 19. S kuma tsinken tsakiya ne na gama-gari, mai kaurin milimita 2.5.

Harafi ɗaya ya isa ya ɓata lissafi. In aka sa mai H, wanda tsawon gindinsa milimita 12.7 ne, a ramin da aka yi don E, tartsatsin zai riƙa tashi a cikin rami nesa da cakuɗin mai da iska, sauran haƙoran ramin da suka rage a buɗe su cika da kabon, ranar da aka zo sa na daidai ya ƙi shiga. In aka yi akasin haka, gindin ya leƙa cikin silinda, haƙoransa su yi jajir, fistin ma yana iya taɓa shi.

Sai harafin P. BPR9ES da BR9ES kamar tagwaye suke a cikin kwali, amma mai P ɗin farin tangaran ɗinsa ya ɗan zarce gindin, ya shiga cikin silinda sosai. Injin da aka tsara da shi, kamar da yawa daga cikin na Polaris, yana buƙatarsa haka. Injin da ba a tsara da shi ba, tsinin zai sha zafin da ya wuce ƙima, kuma tazarar da ke tsakaninsa da kan fistin ta ragu. Kada a musanya su don mai shago ya ce ai duk tara ne.

Lambar zafi, inda aka fi yin asara

Lambar zafi ba ta da alaƙa da ƙarfin tartsatsi. Tana nuna saurin da fulogi ke kwashe zafi daga tsininsa ya miƙa wa kan silinda. Mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, shi ake ce wa mai zafi. Mai gajeren hanci yana saurin zubar da shi, shi ne mai sanyi. Ana son tsinin ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyas don ya ƙone kunkunniyar da ke taruwa a kansa, amma kada ya haura 800, domin daga nan shi kansa zai fara kunna mai tun kafin tartsatsi ya zo. Tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata akwai bambancin digiri 70 zuwa 100 a tsinin.

A NGK, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi: 8 ya fi 9 zafi, 10 ya fi 9 sanyi. Denso ma haka, sai dai lambobinsa daban ne, 27 ɗinsa ke daidai da 9 na NGK. Champion da Bosch kuwa a juye suke, lamba na hawa zafi na ƙaruwa. Teburan da ke nuna wane fulogi ne madadin wane, kusa-kusa kawai suke kawowa, don haka in wanda littafin babur ya ambata yana samuwa, babu dalilin neman madadi.

Ga yadda asarar kan faru. Mutum yana fama da fulogi mai yawan jiƙewa, sai wani ya ba shi shawara ya sauka daga 9 zuwa 8. Ya sa, jiƙewa ta ragu, ya ce ya samu magani. Muddin a hankali yake tafiya cikin daji tsakanin itatuwa, ba abin da zai gani. Ranar da sanyi ya tsananta ya fito fili ya danne totur na tsawon kilomita biyu ko uku, lissafi ya canza. Iska mai sanyi ta fi nauyi: daga sifiri zuwa 30 ƙasa da sifiri, iskar da ke shiga silinda ta ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Kafireta ba ta san da wannan ba, kusan man da ta saba bayarwa shi za ta bayar. Mai ya yi kaɗan, wuta ta ƙara zafi, tsinin fulogin da dama yana riƙe zafi ya yi jajir, ya fara kunna mai tun fistin na hawowa. Alminiyam na narkewa a digiri 660. Cikin daƙiƙu kaɗan tsakiyar fistin ta ɓule, injin ya buga, ɓarɓashin ƙarfe ya gangara cikin boris ɗin karanshaf.

Kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Fulogin da ya cika sanyi, iyakar abin da zai jawo shi ne ya jiƙe a canza shi. Wanda ya cika zafi kuwa fistin da silinda yake ci, kuma a wurin da babu mai ja ka sai wani babur ɗin. Shi ya sa ba a wasa da wannan lamba. In littafin ya ce 8, kamar yadda wasu injinan suka zo daga masana'anta, a sa 8. In ya ce 9, a tsaya a 9, a je a nemo abin da ke jiƙa shi: cok da aka bari ya daɗe ko wayarsa ta maƙale, jet ɗin silo (ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta) da ya yi girma, allurar kafireta da ba ta rufewa, famfon baƙin mai da aka saita yana bayarwa da yawa, ko barin inji yana silo minti goma sha biyar da sunan ɗumama shi. Wanda ya hau da babur ɗinsa kan duwatsu shi ma zai ga jiƙewa, domin iska na raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000. Maganin wannan shi ne a sa ƙaramin jet, kuma dole a mayar da babban in an sauko.

Injin da aka yi wa aiki aka ƙara masa matsi ko aka sa masa tarbo, shi ne kaɗai ke da hujjar barin lambar littafi, kuma wajen sanyi zai nufa.

Na gama-gari da na iridiyam

Ana ce wa na gama-gari fulogin jan ƙarfe, amma jan ƙarfen a ciki yake, yana aikin kwashe zafi, kuma na iridiyam ɗin ma yana da shi. Inda wutar ke tashi a na gama-gari gaurayen nikel ne. Bambancin duka a tsinin yake. Nikel na narkewa a wajen digiri 1,455, filatinam a 1,768, iridiyam kuma sai ya haura 2,400. Tunda iridiyam na jure zafi da zaizaya, ana iya siranta shi: tsinin BR9EIX milimita 0.6 ne, na Denso ma 0.4, alhali na BR9ES 2.5.

Siririn tsini yana da amfani na gaske. Wuta na tsallakawa daga gare shi da ƙaramin ƙarfin lantarki, kuma ba ya shanye zafin ɗan harshen wutar da ya fara kamawa. A injin da ake tayarwa da igiya, wanda lantarkinsa ya dogara da saurin jan hannunka, kuma sanyi ya sa mai ya yi kauri, wannan yana iya rage yawan ja. Silo yana ɗan daidaita. Tazarar bakin kuma, wato gibin da wuta ke tsallakawa tsakanin tsini da ƙugiyar gefe, tana daɗewa ba ta buɗe ba. Ƙarin ƙarfin gudu kuwa, in injin lafiyarsa ƙalau, ba za ka ji komai ba. Wanda ya ce ya ji, yawanci tsohon fulogin da ya cire ne ya gaji, sabon na gama-gari ma da haka zai ji.

Matsalar ita ce babban abin da ake biyan kuɗin iridiyam dominsa tsawon rai ne, shi kuwa fulogin inji mai bugu biyu da kafireta ba kasafai tsufa ke kashe shi ba. Datti ne ke kashe shi. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin janareta mai haɗa fetur da baƙin mai ya san wannan: fulogi sabo fil, amma baƙin mai ya lulluɓe shi ya daina wuta. In kabon ya rufe farin tangaran, lantarki sai ya bi ta jikinsa ya sulale ƙasa maimakon ya tsallaka tazarar, kuma ba ruwansa da ko tsinin na nikel ne ko na iridiyam. Ka jefar da mai tsada kamar yadda za ka jefar da mai arha. Ga shi ba ya son wahala: burushin waya na lalata siririn tsinin, in kuma aka dogara ma'auni a kansa wajen gyara tazara, karyewa yake yi.

Saboda haka ga tsohon babur mai kafireta, kuɗin iridiyam biyu gara a sayi na gama-gari huɗu ko shida, biyu a inji, sauran a aljihu. Iridiyam na biyan kuɗinsa ne a injin da ya riga ya daidaita, wanda ba ya jiƙa fulogi, kuma mai shi yana son sauƙin tayarwa da safe. In za a sa shi, lambar zafi da tsawo da siffar hanci su zama daidai da na asali, wato BR9EIX a madadin BR9ES.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wasu da ba ƙarfen ne ya bambanta su ba, siffa ce. BR9EYA, wanda Arctic Cat ya daɗe yana amfani da shi, an yi wa tsininsa tsaga mai kamar harafin V, don wutar ta riƙa tashi daga gefe inda cakuɗin mai ya fi isa gare ta. Tazararsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, kuɗinsa kuma bai yi nisa da na gama-gari ba.

BR9ECS ya fi muhimmanci a fahimta. Shi ne na injinan Rotax masu yawa da ke kan Ski-Doo. Ƙugiyarsa ta gefe gajeriya ce, a karkace take nufar tsinin maimakon ta yi doguwar lanƙwasa ta rufe shi. Gajeriyar ƙugiya ba ta tara zafi sosai, kuma jijjiga ba ta saurin karya ta, abin da ke da muhimmanci domin ƙugiyar da ta ɓalle cikin silinda za ta faɗa. Tazararsa ƙarama ce, wajen milimita 0.45, kuma littafin Ski-Doo ya hana taɓa ta. Ya fi BR9ES tsada, shi ya sa mutane ke jarabtuwa su sa ES ɗin. To amma ES daga kwali yana zuwa da tazarar da ta kusa milimita 0.8, kusan ninki biyu ke nan. In aka ɗaura shi haka, injin zai tashi, zai yi silo, amma a babban gudu, lokacin da matsin cikin silinda ya ƙaru kuma wuta ta fi wahalar tsallakawa, sai ya fara yankewa. Injin da aka rubuta wa ECS, a ba shi ECS.

Sababbin injina ba sa ba da zaɓi

Da zuwan injinan da kwamfuta ke auna musu mai, gardamar ta ragu. Polaris masu fesa mai sun zo da Champion RN57YCC ko NGK BPR9ES ko wani dabam gwargwadon inji da shekara, tazara wajen milimita 0.7, kuma takardar da ke manne a ƙarƙashin murfi ko littafin babur ɗin ne ke raba gardama.

Injinan E-TEC na Ski-Doo da Lynx, waɗanda suka fara da samfurin 2009, sun fi kowane tsauri. Suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kusa da bakin fulogi. 600 H.O. E-TEC yana amfani da PZFR6F, 800R da PFR7AB, 850 ɗin da ya fito a samfurin 2017 kuma da ILKR8Q7. Biyun farko na filatinam ne, na ƙarshen na iridiyam. Lura da lambobin zafinsu, 6 da 7 da 8. Wanda ya saba da 9 zai ga kamar sun yi zafi da yawa, amma tsarin ƙonewar ne ya bambanta, kuma a ƙaramin gudu feshin fetur na sauka kusan a kan tsinin yana sanyaya shi.

A 600 H.O. da 800R akwai ƙarin aiki, wato saita fuskar fulogi. A silo da ƙaramin gudu, ɗan mai kaɗan injekta, wato bakin da ke fesa fetur, ke fesawa, kuma dole ya isa tazarar kai tsaye. In bayan ƙugiyar ne ya fuskanci injekta, ya tare feshin, injin ya riƙa tuntuɓe yana jiƙa fulogi. Yadda ake yi: kafin ɗaurawa a ja layi da maka a jikin farin tangaran na sama, daidai da ɓangaren da bakin ƙugiyar yake a buɗe. A ɗaure da ƙarfin da littafi ya faɗa, sannan a duba ko layin ya kalli wajen injekta, cikin iyakar kusurwar da aka zana a littafin. In bai kalla ba, a cire a gwada shi a ɗaya silindar, ko a gwada wani fulogin. Ba a ƙara ɗauri ko a rage shi don layi ya zo daidai. Shi ya sa masu irin wannan injin kan sayi uku ko huɗu ko da biyu suke buƙata. Ladan wahalar shi ne suna daɗewa, shekaru suke yi ba a taɓa su ba.

Masu bugu huɗu, irin Yamaha RX-1 mai silinda huɗu da ya fito a samfurin 2003 da waɗanda suka biyo shi, suna amfani da ƙananan fulogi irin CR9E, gindi milimita 10, sifana 16. Ba sa ƙona baƙin mai, don haka fuloginsu na kaiwa ga tsufa. Kuma a da yawansu sai an kwance abubuwa da dama kafin a kai ga kan inji, aikin da ba a son yi a daji da yatsu a sandare. A nan fulogi mai tsawon rai yana da ma'ana. Abin da ke jiƙa nasu shi ne a tayar da inji cikin tsananin sanyi a kashe bayan minti ɗaya, a maimaita gobe. In an tayar, a bar shi ya yi zafi sosai.

Kai, hula da jabu

Kan fulogi, inda hula ke kamawa, iri biyu ne: mai ɗan noti da ake kwancewa, da wanda aka ƙera a haɗe. A babur ɗin ƙanƙara a nemi na haɗe. Jijjiga na sassauta notin, ya riƙa cin cikin hular, har ka ga baƙin gari a wurin, wuta ta fara yankewa ba a san dalili ba. BR9ES yana zuwa a duka biyun: lambar kwali 5722 mai noti ne, 3194 kuma na haɗe.

Harafin R ba ado ba ne. Razista na rage hayaniyar lantarkin da ke rikita akwatin wuta da kwamfuta da agogon gudu. Hular ma yawanci tana da nata na om 5,000. A auna ta da mita. In ta nuna ninkin haka ko ba ta nuna komai ba, ta mutu, kuma fulogi nawa aka canza ba zai gyara ba. A hulunan da ake murɗawa a kan waya, a kwance, a yanke kamar milimita 5 daga bakin wayar don a samu sabon wuri, a mayar.

Jabun NGK sun yi yawa a kasuwannin intanet, musamman na iridiyam, har kamfanin da kansa yana gargaɗi a kai. Alamominsu rubutu mai dishi-dishi, zoben gindi mai zamewa ya fita da sauƙi, da tsinin da ya fi na gaske kauri. Iridiyam da ake sayarwa a farashin na gama-gari abin zargi ne.

Canzawa

A bar inji ya huce, domin haƙoran alminiyam mai zafi suna saurin cinyewa. A kashe makunni a cire igiyar tsaro, wadda ke kashe inji in an fizge ta. A kama hular a ɗan murɗa ta a ja, kada a ja waya. A hure ƙanƙara da datti daga kewayen fulogin, a sassauta shi juyi ɗaya, a sake hurewa, sannan a fitar. Ƙanƙarar da ta faɗa cikin ramin, ruwa za ta zama.

A ajiye kowanne a gefensa, na ɓangaren kuloci daban, na ɓangaren magineto daban, saboda za a karanta su. A duba tazarar sabon da ma'auni ko da daga kwali ya fito, domin faɗuwa ɗaya a kan kanta ta isa ta rufe ta. In da gyara, ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa, a hankali.

A fara murɗa shi da yatsu har zoben gindinsa ya zauna. In ramin na da zurfi, a cusa kan fulogin cikin guntun tiyo na roba a murɗa da shi. In haƙoran suka hau karkace, tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Fulogin da ya yi tauri tun a juyi na biyu, a fitar da shi a sake, kada a sa masa sifana. Ƙarfin ɗauri a kan silinda na alminiyam, bisa ƙa'idar NGK: mai milimita 14, niyuton-mita 25 zuwa 30, mai 12, 15 zuwa 20, mai 10, 10 zuwa 12. In littafin babur ya ba da nasa adadin, shi ke gaba. In babu sifana mai auna ɗauri, sabon fulogi mai milimita 14 ana ƙara masa rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku bayan ya zauna. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa zobensa ya riga ya matse, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na juyi ya ishe shi. Nan ne masu ƙaramin fulogin milimita 10 ke karya shi a cikin rami, don sun ba shi hannun da suka saba ba babba.

Sakin ɗauri ma haɗari ne, ba yoyon iska kaɗai ba. Ta haƙora da zoben ne zafi ke fita, don haka fulogi mai lamba 9 da bai zauna daram ba, aikin mai zafi yake yi.

Kan shafa man hana kamewa a haƙora, an samu saɓani. NGK ya ce kada a shafa, domin an riga an yi wa gindin rufin da ke hana kamewa, kuma man na sa a wuce ƙa'idar ɗauri da har kashi 20 cikin ɗari ba a sani ba. Wasu littattafan gyaran babur kuma sun ce a shafa. In littafin injinka ya ce a shafa, a shafa ɗan kaɗan, kada ya kai haƙora biyun ƙarshe, a ɗaure da adadin littafin. In bai ambata ba, a bar shi a bushe. Daga nan a danna hular har a ji ta kama.

In inji ya sha mai ya ƙi tashi a hanya, a cire fulogi duka, a tabbatar makunni a kashe yake, a danne totur a ja igiya kamar sau goma don fetur ya fita, ba sigari ba ashana a kusa. Juya inji da makunni a kunne alhali fulogi ba ya taɓa jikin ƙarfe yana iya ƙona akwatin wuta. Sannan a sa busassun safaya, waɗanda gara a ajiye su cikin kwalinsu a aljihun ciki na riga: mai ɗumi ya fi saurin kama wuta, kuma ba ya karo da sifanu a akwatin kayan aiki. A farkon kaka kuma kada a yi gaggawar sa sababbi. Man da aka fesa cikin silinda lokacin ajiya zai jiƙa su, don haka a tayar da tsofaffin har hayaƙin ya washe, sannan a canza.

Abin da tsohon fulogin ke nunawa

Launin fulogin da ya daɗe yana silo ba ya nuna komai game da babban gudu. Don a ga gaskiya a injin kafireta, a ɗumama shi, a danne totur a fili na ɗan lokaci, a kashe da makunnin gaggawa ba tare da an bar shi ya koma silo ba, sannan a cire. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Baƙi a bushe kamar toka, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ko kuma wuta ba ta zuwa. Fari fat, ko tangaran mai ƙuraje, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, alminiyam ɗin fistin ne ya fara tashi, kuma daga nan ba a ƙara tayar da injin sai an buɗe shi. A E-TEC launi ba abin saita mai ba ne, kwamfuta ke wannan; abin dubawa shi ne zaizayar tsini da tsagewar tangaran.

A kwatanta biyun da juna. In duka sun yi baƙi, matsalar ta gaba ɗaya ce, kamar jet ko famfon mai ko yanayin tuƙi. In ɗaya ne kaɗai ya yi baƙi, a musanya hula ko a duba kafiretar wannan ɓangaren. In kuwa ɗaya ya yi ruwan ƙasa ɗayan ya yi fari, iska ce ke shiga wannan silindar ta ɓarauniyar hanya, ko dai ta robar da ke haɗa kafireta da inji, wadda sanyi da shekaru ke tsagawa, ko ta sil ɗin karanshaf, musamman na ɓangaren kuloci inda zafi da jan bel suka fi yawa. Robar ana ganin tsagarta in aka lanƙwasa ta da hannu a gaban tocila. Sil ɗin kuwa sai an toshe mashigar iska da bakin salansa, an hura wa injin iska kaɗan da famfon hannu mai agogo, a ga ko allurar za ta tsaya ko za ta sauka.